Banten Na'Allah

Shekara talatin mijina Na'Allah yana ƙetare gulbin Kebbe da iyo zuwa gonarsa, daga shi sai bante. Da 'yarmu ta auri ɗan limamin Tambuwal, sai na tada ƙayar baya.

"Malam, surukin liman guda da cinya waje? Ka daina kunyata mu!"

Ya ce, "Maimuna, ruwa ba ya son tufafi."

Kwana uku na yi ina gaba da shi, har ya haƙura ya sa ƙaton wandon da na ɗinko masa. Ranar gulbi ya kawo. Wandon ya sha ruwa, ya ja shi ƙasa.

Masu ta'aziyya sai yabo suke, wai ya rasu cikin sutura. Suturar banza! Banten yana nan kan danga inda na jefa shi, a bushe.