Muryar Rahama a Cikin Kwamfuta

Tun da ciwon ido ya cinye wa Malam Ɗantani gani ya bar harkar albasa a kasuwar Jega, ba shi da abokin hira kamar tsohuwar kwamfutar da ke karanta masa saƙonni. Muryar da ke cikinta ta 'yarsa Rahama ce. Lokacin da take karatun kwamfuta a Aliero ta ɗauki muryarta gaɓa-gaɓa, ta koya wa na'urar Hausa. Daga baya mota ta kife da ita a hanyar Maiyama, ta rasu. Tsohon ya daure har mutane na mamaki. Ba abin mamaki ba ne, kullum da hantsi yana jin ta tana cewa, "Baba, ga saƙo."

Sai babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutar ta tsufa, saƙonni suka daina shigowa. Yayan Rahama, Jamilu, ya ce shi zai gyara. Jamilu ba mugu ba ne, ɗan ƙaramin sani ne ke damunsa, kuma an ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ya ce ba zai ɗora manhajar da wasu suka gama haɗawa ba, zai sauko da rubutunta na asali ya gina sabuwa daga tushe, yadda marigayiya ke yi. Uban ya tambaye shi abu ɗaya, ko muryar za ta taɓu. Ya rantse ba za ta taɓu ba.

Ma'ajiyar kwamfutar ƙarama ce, sabon rubutun ya ƙi samun wuri. Jamilu ya goge tsohon rubutun gaba ɗaya, bai ko leƙa ciki ba. Bai san a nan Rahama ta ajiye asalin muryar da ta ɗauka da duk gyare-gyarenta ba, kuma ba ta ajiye su a wani wuri ba.

Tun safe na'urar ke ginin kanta, rubutu na gudu a allo, fankarta na nishi kamar injin niƙa. Bayan la'asar ta gama. Sai ta jero tsofaffin fayilolin da sabon tsarin bai sani ba, ta tambaya ko a share su. A cikinsu har da kwafin muryar da ke karanta saƙonni, wanda shi kaɗai ya rage. Jamilu ya gaji, yunwa na cinsa, ya danna amincewa.

Kwamfutar ta tashi lafiya lau, saƙonni suka yi ta shigowa. Amma wani namiji ne ya karanta su, yana tauna Hausa kamar mai tsakuwa a baki. Jamilu ya bincika ko'ina, babu muryar Rahama. Da ya gane abin da ya yi, tsoro ya kama shi, ya fara kame-kame wai akwai masu dawo da abin da aka goge. Shi ma ya san sabon ginin ya riga ya hau kan wurin.

Malam Ɗantani bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya saurari baƙuwar muryar har ta kai aya.

"Wanga wane na?" ya tambaya.



"Kashe ta," in ji tsohon. Ya lalubo sandarsa. "Ka kai min tabarma zaure, ka hwaɗa ma maƙwabta. Yau ɗiyata ta rasu."