Madaurin Takunkumin Baba

Auta ta janye hannunta daga ƙeyar Baba daidai lokacin da nas ta turo ƙofar ɗakin marasa lafiyar da suka jigata. Ba wanda ya gani. Madaurin takunkumin iskar ta sassauta, ɗan kaɗan, don robar ta ci karan hancin tsohon har ya fara jini, ga shi yana ta binta da ido. Wace 'ya ce za ta iya jurewa?

Nas ta tura wata na'ura mai taya kusa da gadon, ta haɗa bututunta da takunkumin.

"Sista, wannan kuma ta mece ce?" in ji Auta.

"Awo za mu yi. Tana lissafa iskar da ya shaƙa da wadda ya fitar. Bambancin shi ne abin da jikinsa ya ci. Ki koma gefe, kar a taɓa komai."

Auta ta koma gefe.

Bayan an jima Likita ya shigo, Yaya, wan Auta, na biye da shi, ko rigar aikinsa bai cire ba. Likita ya daɗe yana kallon allon na'urar, ya cire tabarau ya mayar.

"Jikinsa ba ya cin iska yadda ya kamata," ya ce. "Ana ba shi, amma gaɓoɓin ba sa karɓa. Sai mun sa shi barci mun zura masa bututu ta maƙogwaro. A shekarunsa kuwa, ba kowa ke farkawa ba."

"Innalillahi," in ji Yaya. "Likita, awon nan ba ya kuskure?"

"Sai in iska na zurarewa ta gefen takunkumi. Nas kuwa da kanta ta ɗaure shi da safe."

Auta ta dubi Yaya. Yaya mutum ne da ko cokali ka yar sai unguwa ta ji, balle wannan. Tsoro ya kama ta sosai. Ta ga nas ta fara jera kayan aiki a kan faranti, ƙarfe na bugun ƙarfe.

"Ni ce," ta ce. Ta ɗaga murya ta sake. "Ni na sassauta madaurin. Yana yi masa ciwo ne."

"Ke!" Yaya ya juyo. "Kanki ɗaya kuwa? Kashe shi za ki yi?"

"Malam, bari," in ji Likita. Ya tsuguna ya kara bayan hannunsa a kumatun Baba. "Ai kuwa tana fita. Sista, ɗaure, a sake daga farko."

Nas ta ja madaurin, ta harari Auta. Baba ya runtse ido don zafi.

Aka tsaya jira. Auta ta jingina da bango tana motsa baki. Ɗazu roƙonta kar a gane ita ce. Yanzu kuwa cewa take, Allah Ka sa ni ce, Allah Ka sa laifina ne, Yaya ya yi min duk abin da zai yi.

Na'urar ta yi ƙara. Likita ya duba allon, ya sake dubawa. Sannan ya juyo ya dube ta, fuskarsa ba faɗa ko kaɗan.

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki," ya ce a hankali. "Awon bai canza ba. Ba ke ba ce."

Nas ta jawo farantin kusa da gadon.