Geron Tambaya

"Karɓi, Asiya. Yau ke za ki auna."

Maman Ayuba ce ta miƙo min tiyar daga kan tabarmar da take kishingiɗe a gindin dogon yaro. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Tsakar gidanta cike yake da mata, kowacce da buhunta ko roba a hannu, ga manoma a zaune bakin zaure suna jiran a kwance musu kaya.

Zainabu mai ƙosai ta taɓe baki. "Maman Ayuba, kura za ki ba ajiyar nama?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce mata ta iya bakinta, in ba haka ba zan faɗi abin da take cusawa cikin ƙullun wakenta. Maman Ayuba ta ɗaga hannu, muka yi shiru.

"Na ce Asiya za ta auna," ta maimaita. "Duk cikinku wa ya kai ta sanin tiya?"

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da Zainabu take nufi ke nan. Shekara ashirin na yi ina yi wa wani dillalin hatsi awo a kasuwanni, daga Bunguɗu har Tsafe. Akwai yadda ake yi in daga hannun manomi ake saye: ka kewaye bakin tiya da hannun hagu, tafin hannunka ya tare abin da zai zube, ka juye da sauri. Kowane awo da ƙarin cikin hannu guda. Manomi yana gani, amma ba ya magana, don ya riga ya biya kuɗin mota kuma ba zai koma gida da kaya ba. In an kawo cikin Gusau kuma sai a sauya tiya, a ɗauko wadda aka bubbuge gindinta ta ciki. Ni ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin cuta ba. Haka na tarar ana yi.

Maman Ayuba, wadda sunanta na yanka Rahila, katanga ɗaya ce tsakanina da ita a Sabon Gari. Daga kudancin Kaduna aure ya kawo ta, ta yi shekara talatin tana girki a makarantar kwana, mijinta ya rasu, ta zauna. Bayan ta yi ritaya ne ta je Bunguɗu ta sayo tiya irin ta masu saye, ta samo irin ta masu sayarwa a cikin gari. Ta riƙa bi gida-gida da su a cikin jaka, ta cika ƙaramar da gero, ta juye a babbar, ta ce a duba. Geron ko kusa da baki ba ya zuwa. Ba ta ƙara cewa komai, sai ta tattara kayanta ta shiga gida na gaba.

Daga nan aka fara awon Asabar. Gida arba'in da wani abu, Musulmi da Kirista, muka haɗu. Manoman Karakkai da na 'Yankuzo su kawo hatsi kai tsaye gidanta, su samu fiye da abin da dillali zai ba su, mu kuma mu saya ƙasa da na kasuwa. Doka ɗaya ce tal: tiyar da aka auna wa manomi ita za a auna wa mai ci, kuma hannu ba ya taɓa bakinta. Ta shafa wa tiyar shuɗin fenti a gindi don kada a musanya. Dillalai sun yi ta zuga, sun ce ba za a yi wata uku ba. Mun shiga shekara ta huɗu. Da farko ni ma dariya na yi mata ta saman katanga, sai da tsadar hatsi ta koya min hankali na shigo da robata.

A ranar na auna wa Malam Bawa na Karakkai dawarsa lafiya lau, ina kula da kaina. Sai layi ya zo kan Tambaya. Bafillatana ce daga wani ƙauye kusa da 'Yankuzo, 'yan bindiga sun kore musu shanu shekara biyu da suka wuce, ta koma noman ɗan abin da za ta iya. Buhu ɗaya take kawowa.

"Inna, ga shi nan, abin da Allah Ya hore," ta ce wa Maman Ayuba bayan sun gaisa. "Hanya ba daɗi. Sai da munka kwana Tsahe."

Rana ta take, na gaji, mata suna ta surutu a kaina. Na fara awo ina mayar wa Zainabu magana. Ban san lokacin da hannuna na hagu ya hau bakin tiya ba. Wallahi ban sani ba. Sai da na kai wajen ashirin na ga Tambaya ta ƙura wa hannun ido. Da na janye shi a lokacin na ce a sake, da magana ta ƙare. Amma Zainabu tana tsaye a gabana, kuma na gwammace komai da in ba ta gaskiya. Na ƙara sauri, na kare da jikina, na ƙarasa.

"Talatin da bakwai," na ce.

Tambaya ta dubi Maman Ayuba. Idon Maman Ayuba a rufe yake, kanta a jingine da bishiya. Tambaya ta dube ni. Sannan ta naɗe buhunta, ta karɓi abin da aka ba ta, ta ce, "To, Allah Shi sa albarka." Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba.

Da yamma, bayan na auna wa kowa nasa yadda doka ta ce, gero tiya uku ya yi saura a kan leda. Na tattara shi cikin tsohon buhun siminti, na fita da shi a ƙarƙashin mayafi, na tura bayan gadona.

Ranar Talata na kai wa Maman Ayuba kunu. An dawo da ita daga asibiti ke nan, likita ya ce ƙoda ce, a je gida a yi ta addu'a. Ɗakin yana warin man zafi. Ta sha cokali biyu ta kau da kai.

"Asiya, buhun Tambaya nawa ya ba da?"

"Talatin da bakwai."

"Kullum arba'in yake bayarwa. A gida take aunawa kafin ta taso."

Na ce, "Bana hatsi ba ya da auki, Maman Ayuba. Kin san ba su samu sun yi noma yadda ya kamata ba."

Sai ta kamo hannuna na hagu, ta juya shi, ta duba tafin kamar mai neman ƙaya. Hannunta sanyi ƙalau. Ta daɗe tana riƙe da shi.

"To," ta ce. Ta sake ni.

Na tashi da niyyar gobe zan faɗa mata. Laraba na ga baƙi daga cocinsu sun cika ɗakin, na ce sai an watse. Ranar Alhamis da hantsi ina wanke-wanke na ji kukan Dorcas, matar ɗanta, ta saman katanga. Na tsaya da kwano a hannu har kumfar ta bushe.

Ban taɓa ganin taro irin na rasuwarta a layinmu ba. Masu waƙar coci a tsakar gida, matan unguwa da hijabai a bakin murhu, manoman Karakkai sun cika mota guda sun zo gaisuwa. Da aka ce geron kunu ya gaza, na ruga gida na jawo buhun nan, na ce bari in bayar sadaka, ladan ya kai mata, ni kuma in huta. Har na kai bakin ƙofa. Sai na tuna wadda za a yi wa sadakar, da abin da za ta ce in ta ji inda geron ya fito. Na mayar da shi, na ɗebo nawa.

Kwana biyu bayan an binne ta, Ayuba ya yi sallama a ƙofar gidana. Babban mutum ne, malamin makaranta, amma idonsa ya yi ja kamar na yaro. Ya miƙo min wani abu a naɗe cikin zanen mahaifiyarsa.

"Mama ta ce a ba ki. Ta ce ke za ki ci gaba da awo."

"Ni? Ba Zainabu ba? Ba Dorcas ba?"

"Ke ta ce. Har sau biyu." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Ta kuma ce in gaya miki, in Tambaya ta zo, ki fara sallamar ta kafin kowa. Ta ce kin san dalili."

Na shiga ɗaki na zauna a ƙasa da tiyar a cinyata, na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa. Kunya ce ta fi baƙin cikin yawa, ba zan ɓoye ba.

Asabar ta zo. Kafin a kwance buhu ko ɗaya na fito da geron, na ajiye a tsakiyar mata, na faɗi abin da na yi tun daga farko. Na jira Zainabu ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba. Ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "To mi muka jira? A yi awo, rana tana yi."

Tambaya ba ta zo ba. Asabar ta gaba ma haka. Na tambayi direban da yake ɗauko su, ya ce an tashi ƙauyensu, mutane sun watse, wasu suna Tsafe, wasu sun nufi Funtuwa. Na je Tsafe ranar kasuwa da buhun a kaina, na bi inda 'yan gudun hijira suke zaune. Wata tsohuwa ta ce ta san Tambaya, amma rabonta da ita tun kafin a tashe su. Wani ya ce ya ji tana kai geronta wurin dillali yanzu, don ta ce duk awo ɗaya ne. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba, kuma ban san wanne na fi tsoro ba.

Awon Asabar yana nan, gidaje sun kai sittin. Ina aunawa da hannu ɗaya, na hagun a soke cikin zane ta baya, sababbin shiga suna zaton ciwo yake min. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai na ɗaga kai.

Jiya na ga ƙwari sun fara shiga geron. Na baza shi a faifai uku a gindin dogon yaron, daidai inda tabarmarta take, na zauna a gefe da 'yar sanda ina korar kaji.