Ƙoƙon Cocin Jira

A wancan zamanin ba zakara ke tashin Sharaɗa ba, jiniya ce. Ƙarfe shida ta masaƙa za ta yi kuka, ta kamfanin robobi ta amsa mata, kafin ka ce me hanya ta cika da kekuna, masu fitowa daga aikin dare idanu jajur, masu shiga da ƙullin ƙosai a aljihu. Aiki ne birjik. Mutum zai sauka daga ƙauye ranar Litinin, ranar Laraba yana tsaye gaban inji. Yanzu in ka bi ta wurin sai ciyawa a bakin ƙofofi da tattabaru a rufin kwano, abin sai ya sa ka hawaye. Amma ba wannan ne labarin ba.

A bayan wani kamfanin kwali akwai wata 'yar majami'a ta langa-langa, benci takwas, taga biyu, da randa a bakin ƙofa don mai wucewa ya sha. Sunanta na takarda dogo ne, ba mai tuna shi. Cocin Jira kowa yake ce mata, da Kiristan da Musulmin unguwa, kuma da tsokana aka fara. Dalili kuwa, mutanenta duk 'yan kamfani ne, wani daga Bompai, wani daga Chalawa, wani sai ya miƙa inji ga mai canjinsa kafin ya taho. Fasto Barnaba, wani tsoho siriri mai kunne ɗaya da ba ya ji sosai, shi ya kafa dokar tun ranar farko: ba a farawa sai an cika. Wanda ba zai zo ba ya aiko da saƙo. Wanda bai aiko ba, to, ana jiransa. In aka yi masa ƙorafin ɓata lokaci, sai ya juyo da kunnen da ba ya ji. In kuma aka matsa, sai ya ce Yesu bai mutu domin masu agogo kaɗai ba, kuma Allah ya daɗe yana jiran kowa a cikinsu bai taɓa ƙosawa ba.

A benci na takwas, can kusa da ƙofa, nan Habila yake zama. Ɗan wani ƙauyen Maguzawa ne a ƙasar Rano, ƙaton mutum mai sanyin magana, shekararsa tara a kamfanin jima a Chalawa. Ba ma a wurin da ake goge fata ta yi sheƙi yake ba, a ramin jiƙa ƙiraga yake, inda ake tsoma ɗanyar fatar shanu cikin ruwan magani har gashi ya zube. Wanda bai taɓa shaƙar wannan wari ba, ya gode wa Allah. Habila ya gwada sabulun salo, ya gwada lemon tsami, ya gwada turare ɗan goma, abin ya riga ya shige fata. Shi kansa ya daina ji, amma yana gani a fuskar mutane cikin bas. Shi ya sa ya sayi keke, shi ya sa kuma ya zaɓi benci na takwas, inda iska ke shigowa.

Lahadin farko a kowane wata ake Jibin Ubangiji, wato a ci burodi a sha daga ƙoƙo don tunawa da Yesu. Iya Ladidi, wata dattijuwa mai sayar da tuwo a bakin masaƙa tun rasuwar mijinta, ita ke dafo zoɓon, ta zuba a wani ƙoƙo da ta taho da shi daga ƙauyensu, ya sha hannu har ya yi ja. Ƙoƙon nan guda ɗaya shi ke zagaya kowa, daga benci na farko zuwa na ƙarshe. Habila kullum shi ne na ƙarshe, kuma ya ji daɗin hakan. Yana kurɓa, ya miƙa, ya sunkuyar da kai, bai taɓa duba inda ƙoƙon ke zuwa ba. A duk wata, wannan kurɓa ɗaya ita ce lokacin da yake jin shi ma daidai yake da kowa.

Ana nan sai Malam Filibus, akawu a wani kamfanin alewa a Bompai, ya sami ƙarin girma. Mutumin kirki ne, kada a zalunce shi, sai dai yana son abu tsaf-tsaf, wandonsa kullum da karin guga. Don godiya ga Allah ya kawo wa ikilisiya kyautar wani faranti mai sheƙi da 'yan ƙananan kofunan gilas guda arba'in da takwas, irin na manyan majami'un Sabon Gari.

Ranar da ya kawo su, bayan an tashi, Habila na bayan majami'ar yana ba wa tayar kekensa iska. Langa-langa kuwa ba ta riƙe sirri. Ya ji muryar Malam Filibus ƙasa-ƙasa, amma dole ya ɗaga ta saboda kunnen Fasto.

"Baba, ba don kowa na faɗa ba. Amma kun san ƙwarya tana riƙe wari. Ni dai in na kai ƙoƙon nan baki, ƙarnin ƙirgi nake ji. Mata ma suna faɗa a ɓoye."

Abin da Fasto ya amsa, Habila bai ji ba, don tuni ya ja kekensa a hannu, taya ba ta gama cika ba. Har Ɗorayi, inda yake haya, da ƙafa ya tafi. Maganar ba ta ba shi haushi ba, kunya ta ba shi, wadda ta fi haushi ciwo. Ashe shekara tara yana ɓata wa bayin Allah abu mafi tsarki da suke da shi, suna haɗiyewa suna shiru. Kafin ya kai gida ya yanke shawara: zai riƙa zuwa sujada, amma ranar Jibi ba za a sake ganinsa ba. Ko da kofunan gilas ne, wani zai sha a nasa wata mai zuwa.

Lahadin Jibi ta zo. Bai aika da saƙo ba, don ba shi da abin faɗa sai ƙarya, shi kuwa bai iya ta ba. Ya ce a ransa, cikin mutum arba'in da wani abu, wa zai lura da gurbi ɗaya a bakin ƙofa? Amma zaman ɗaki ya gagare shi. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Lahadi, ya hau kekensa, ya zagaya ta bayan kamfanin kwali zuwa rumfar Malam Idrisu mai gyaran keke, ƙarƙashin wata darbejiya. Daga nan ba a hango majami'ar, amma ana jin waƙa sarai. Abin da ya kawo shi ke nan.

Malam Idrisu haifaffen Sharaɗa ne, gonar ubansa ce ma ta zama kamfanin kwalin. Sun daɗe suna wasa da juna.

"A'a, Habu na Chalawa! Yau kuma kai ne a nan? Ko ka tuba ne in kira liman?"

"Sarƙa ce ke tsalle," in ji Habila.

Malam Idrisu ya juya feda, sarƙa lafiya lau. Ya dubi keken, ya dubi mai keken, ya tura masa benci.

Ƙarfe goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Habila ya kasa kunne, ba ganga, ba caki, ba kiɗan tulun matan zumunta. Ya ce ƙila 'yan Bompai ne suka makara. Sha biyu ta buga, inuwar darbejiya ta tattaru a gindinta, shiru dai. Malam Idrisu ya liƙe taya uku, ya ci rogo da ƙuli, ya miƙa wa Habila, shi kuwa ya ce ya ƙoshi.

"Ikon Allah," in ji Malam Idrisu, yana goge hannu da tsumma. "Shekara nawa ina nan, ban taɓa jin Lahadi kurma irin ta yau ba. Da waƙarku nake sanin lokacin cin abincina. Wa suke jira haka?"

Habila ya zuba wa ƙasa ido.

Da aka kira azahar, Malam Idrisu ya ɗauki butarsa. Masallacin yana gabas, amma sai ya bi ta yamma, ta ƙofar majami'a. Ba a jima ba sai ga Iya Ladidi tafe, ta ci ɗamara da gyale, tana ɗingisa ƙafarta mai ciwo, tun daga nesa take faɗa.

"Kai, ɗan nan! Ashe kana nan kana shan inuwa, mu muna can muna gasuwa cikin kwano? An je ɗakinka a Ɗorayi, ba ka nan. Yara sun yi kuka sun gaji sun yi barci. Zoɓona ya zama ruwan wanka. Da ba don Malam Idrisu ya tona ka ba, da har la'asar muna nan."

Habila ya miƙe, ya ɗan ja da baya kamar yadda ya saba.

"Iya, ku yi haƙuri. Ku je ku fara. Ni na ji abin da aka faɗa a kan ƙoƙon. Gaskiya ce kuma. Ba zan ƙara sa masa baki ba."

Iya Ladidi ta matso har sai da ta kama hannun rigarsa.

"In ka sha ka miƙa, wa kake miƙa wa?"

"Ku nake miƙa wa, ku kai gaba."

"In kai gaba da saura a ciki? Ai ba a zubar da shi, ba a kuma mayarwa. Ni ke shanyewa. Shekara tara, Habila, duk wata, daidai inda ka sa bakinka nan nake sa nawa. Kai kana can ka dunƙule kai kamar mai neman allura, ba ka taɓa ɗagowa ka gani ba. Kana ta alfahari kai ne na ƙarshe, to ba kai ba ne, ni ce. Kuma ni ke wanke shi. Ban da zoɓo da citta, ban taɓa jin komai a ƙoƙon nan ba. In ma da na ji, sai me? Guminka ne, da shi kake ciyar da uwarka a ƙauye."

Ƙaton mutumin nan sai hawaye suka zubo masa.

"Share fuskarka," ta ce, murya ta sauko. "Wuce mu tafi, ƙafata ba ta son tsayuwa."

Da suka shiga, majami'ar ta yi zafi kamar tanda. Ba wanda ya tafi. Masu aikin dare suna gyangyaɗi a kafaɗar juna, mata suna fifita da gefen zani. Farantin gilas yana kan tebur a lulluɓe, ƙoƙon yana gefensa. Habila ya zame zuwa benci na takwas, sai ya tarar da mutum a wurinsa. Malam Filibus ne, amma ba wanda aka sani ba. Wandon nan mai karin guga ya jiƙe har gwiwa da baƙin ruwa, takalmi ɗaya ya yi kaca-kaca. Ashe tun da aka ga gurbin a buɗe, jikinsa ya ba shi dalili. Ya hau babur ɗinsa har Chalawa, ya shiga kamfanin jima yana tambaya rami-rami, santsi ya kwashe shi ya zurma kwatar ruwan ƙiraga. Warin da ke tashi daga jikinsa, ko Habila da hancinsa ya mutu sai da ya ji.

Habila ya zauna a can ƙarshen bencin, ya bar fili tsakaninsu. Malam Filibus ya matso. Habila ya ƙara matsawa, har rabin jikinsa ya fita daga benci. Malam Filibus ya sake matsowa, ya dafa gwiwarsa.

"Ɗan'uwa, ka yafe mini. Minti goma na yi a wurin aikinka, na kusa suma. Bakina ne ya fi ramin nan wari."

Fasto Barnaba ya tashi a hankali, ya bi benci-benci da ido yana motsa leɓe, kamar yadda yake yi kowace Lahadi. Da ya kai na takwas sai ya ce, "To. Mun cika."

Ganga ta ɗauka, tulu ya amsa, waƙar da aka tashi da ita ranar har masu gadin masaƙa sai da suka leƙo. Da aka zo Jibi, aka kakkarya burodi aka raba, Fasto ya ɗauki ƙoƙon da hannu biyu, ya wuce benci na farko, ya wuce na biyu, bai tsaya ba sai bakin ƙofa. Habila ya karɓa, ya kurɓa. Zoɓon ya yi ɗumi, ya fara tsami. A karo na farko cikin shekara tara bai sunkuyar da kai ba. Malam Filibus ya karɓa, ya juya ƙoƙon da gangan zuwa inda leɓen Habila ya jiƙa, ya sha. Daga can gefen mata aka ji Iya Ladidi tana gunaguni wai an ƙwace mata layi.

Kofunan gilas ba su yi asara ba, da su aka riƙa ba yara shayi ranar Kirsimeti har suka ƙare da fashewa ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan ya wuce. Jiniyoyi sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya, mutane suka watse, Fasto Barnaba da Iya Ladidi sun daɗe da kwantawa. Majami'ar ta zama ta bulo, an rataye mata agogo, an rubuta manufarta da abin da ta gaskata a wani dogon allo a bakin ƙofa, da Hausa da Turanci. Habila ya tsufa a benci na baya, warin ya bar shi tun da aka rufe kamfanin jima. Bai iya karatun boko ba, allon nan bai taɓa sanin abin da ke jikinsa ba. Wata rana jikarsa, da aka ba su aiki a makarantar Lahadi, ta zo da takarda da biro ta ce, "Kaka, me cocinmu ya gaskata?"

Tsohon ya nuna mata takardar da yatsa.

"Rubuta," ya ce. "Sun jira ni."