Baƙin Yashin Malam Maharazu

Gonar Malam Maharazu ita ce ta ƙarshe a layinsu. Daga babban kanal mai kawo ruwan Tiga, wata 'yar magudana ce ke ratsa gonakin ƙauyen, can wajen Bunkure, tana shayar da su bi da bi, sai kowa ya ƙoshi sannan ragowar ta iso gare shi. Bana ko ragowar ba ta isowa. Yashi da laka da ciyawa sun cike magudanar. Ruwa kan taho da ƙarfinsa, ya iso tsakiyar layi, ya kwanta abinsa.

Ga irin tumatir ɗinsa ya isa dashe. Yana nan a fangalin bayan gida, inda matarsa Saliha ke ba shi ruwan rijiya da bokiti, ya yi tsawo har ya fara ranƙwafawa. In ruwa bai iso gona ba kafin irin ya tsufa, noman ranin bana ya wuce Malam ke nan.

A da, kafin a saki ruwan rani, duk mai gona a layin kan fito da shebur a yi gayya a yashe magudanar. Amma na sama sun lura ko an yashe ko ba a yashe ba, su dai ruwa na iso musu. Malam Maharazu, wanda ya koyar da rabin magidantan ƙauyen kafin ya yi ritaya, ya bi su gida-gida yana bayani, har da zane a ƙasa da ɗan kara. Kowa ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Ranar Asabar in sha Allahu." Asabar ta zo, daga shi sai sheburinsa. Datti, shugaban masu ban-ruwa na layin, ya zo ya tsaya a kansa, ya yi masa sannu da aiki cikin ladabi, ya hau babur ya wuce Kura.

A ranar ne, yana hutawa a gindin darbejiya da ɗan rediyonsa, ya ji wani shiri na kimiyya. Ana labarin wani kamfanin gwamnati a Indiya mai kwasar baƙin yashin bakin teku, ya tace shi, ya fitar da wasu ma'adinai masu wuyar samu waɗanda ake sawa a wayoyin hannu da motoci masu lantarki. Malam ya kai idonsa kan shebur. Yashin da ya kwaso daga kwanar magudana, inda ruwa ke rage gudu, yana da jirwaye baƙi ƙirin, yana ɗan ƙyalli a rana.

Malam ya zana teku a allo sau ba adadi, amma bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga faɗi ba. Wannan bai hana shi yin lissafinsa ba. Teku ruwa ne, kanal ma ruwa ne. Can baƙin yashi, nan baƙin yashi. To, me ya rage?

Da ya koma gida sai ya kwance bayan rediyon ya ciro mayen ƙarfen da ke jikin sifika.

"Malam, lafiya?" in ji Saliha. "Wani mugun labari ya faɗa maka ne ka farke masa ciki?"

"Bincike nake yi. Zo ki gani."

Ya tura mayen cikin yashin, ya ɗago. Baƙin gari ya manne masa, ya miƙe cako-cako kamar gemun bunsuru. Saliha ta duba, ta ce ikon Allah, ta tambaye shi ko za a samu labaran yamma. Ba a samu ba.

Malam ya san ma'adinai na gwamnati ne, don haka bai yi mafarkin haƙa da kansa ba. Mafarkinsa ya fi haka tsari. Zai tara shaida, hukuma ta zo ta gani, a kafa kamfani da allo a bakin titi, a kuma tuna wanda ya fara ganowa. Ya ƙudura ba zai faɗa wa kowa ba tukuna. Sai dai dattijon da ke yawo a magudana da buhu, yana rufe hannunsa da babbar riga in an gaishe shi, ba ya ɓoyuwa. Maikuɗi, mai gonar farko a layin, wanda ruwa bai taɓa yi wa rowa ba, shi ya tare shi.

"Tica, me ake tarawa ne haka ba a gayyace mu ba?"

Malam yana da wata cuta da aikin koyarwa ya bar masa: ba ya iya jin tambaya ya bar ta ba amsa. Ya ce ba komai. Sannan ya ce wato dai, ba komai sosai ba. Kafin ya farga ya tsuguna yana zana teku a ƙasa. Ya gama, ya sa Maikuɗi ya yi alkawarin riƙe sirri. Maikuɗi ya riƙe shi har zuwa teburin mai shayi.

Cikin 'yan kwanaki rediyo ya daina magana a ƙauyen. Ladan ya koma sauke lasifikar masallaci bayan kowace salla yana kullewa a ɗaki, don ya ga yadda wasu ke kallonta. Mutanen da Asabar ɗinsu ba ta taɓa zuwa ba suka cika magudana ranar Talata, da shebur da kwando da baro. Har aka fara rigimar iyaka, sai da Datti ya yanke hukunci cewa yashin da ke daura da gonar mutum nasa ne. Kowa ya yashe nasa har ƙasan siminti, ya kankare gefe, kada maƙwabci ya riga shi.

Malam kuwa ya ƙulle baƙin garinsa a leda ya hau mota zuwa Kano, wajen Rauda, tsohuwar ɗalibarsa da ta karanta ilimin duwatsu, take aiki a wani ɗakin gwaji. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa mai sanyi, ta saurare shi har ƙarshe. Ta shiga ciki da ledar. Da ta fito, fuskarta irin ta mai neman inda zai ajiye ƙwai ce.

"Malam, ƙarfe ne."

"Ƙarfe wane iri?"

"Ƙarfe dai. Kusan duk rafin da ya ratso duwatsu yana ɗauke da shi. Waɗanda ka ji a rediyo ba sa manne wa mayen sifika haka. Ko da akwai 'yar ƙwayarsu a kanal ɗinku, tana cikin wanda kake zubarwa."

Malam ya ajiye kofin ruwan a hankali. "Wato na tara wanda ba shi ba, na watsar da wanda ko shi ne ko ba shi ba."

"Kuma su can, teku ya daɗe yana tace musu tun kafin a haifi kakanninmu, sannan su kwashi tuli-tuli da injina." Ta sassauta murya. "Ai kai ka koya mana mu gwada abu kafin mu yarda da shi."

"Ku na koya wa, 'yata. Ni ban halarci darasin ba."

Da ya dawo ya tarar saura wuri guda ba a yashe ba: kwalbatin da ke ƙarƙashin hanyar motocin tumatir, daf da gonarsa. Nan ne toshewar ta fi muni, kuma ba ya daura da gonar kowa, shi ya sa aka bar shi sai Datti ya raba. An sa za a yi rabon washegari.

Ya ba Saliha labari duka. Ta dubi irin tumatir ɗin da ganyensa na ƙasa ya fara rawaya, ta dube shi.

"Malam, ka yi shiru zuwa jibi mana. Ba ƙarya za ka yi ba. Shiru kawai."

Ya juya maganar a ransa. In ya faɗi gaskiya yau, gobe kowa zai jingine shebur, kwalbati ya zauna a toshe, irinsa ya mutu. In ya yi shiru, ruwa ya iso. Amma shi ya koyar da darasin nan, kuma bai taɓa barin kuskure a allo ya tafi gida ba.

Bayan sallar la'asar ya miƙe a ƙofar masallaci ya roƙi jama'a su ɗan dakata. Ya ce ya yi kuskure. Yashin ba komai ba ne sai garin ƙarfe, ba kamfanin da zai zo, kowa ya mayar wa rediyonsa da mayensa, kuma a yafe masa wahalar da ya jawo.

Sai Maikuɗi ya gyara hula.

"Tica, ka je Kano da leda, ka dawo ba leda, ka ce ba komai. Da wa kuka shirya?"

"Wallahi, Maikuɗi..."

"Jama'a, kwalbatin nan daf da gonar wa yake?"

Aka ɗauki guna-guni. Malam ya sake rantsuwa, ya fara bayanin abin da ke manne wa maye da abin da ba ya mannewa. Datti ya dafa kafaɗarsa yana murmushi.

"Haba, Malam. Tun muna aji uku ba mu taɓa jin ka ce ka yi kuskure ba. Yau da aka zo kan kwalbati za ka fara?"

Ba su ma jira rabon washegari ba. Daga masallaci suka wuce gida suka ɗauko shebur. Malam ya bi su yana cewa su bari, suna ƙara sauri. Maikuɗi da kansa ya tuɓe riga ya shiga kwalbatin da rarrafe, yana turo laka da ƙafa, yana ihu kada kowa ya taɓa tulinsa. Malam ya tsaya a kan hanya yana kallo. Shekara da shekaru yana faɗa musu gaskiya a kan magudanar nan suna cewa Asabar. Sau ɗaya ya yi shirme, ga shi sun haddace har ba ya gogewa.

Ranar da aka buɗe ƙofar ruwa, ya tsaya a bakin gonarsa da kwandunan iri. Ya ji ƙarar ruwan kafin ya gan shi. Ruwan ya fito ta kwalbati da gudu, yana tura busassun ganye a gaba, ya shiga fangali na farko, ya cika shi, ya tsallaka na biyu. Malam ya cire takalmi ya shiga, sanyin ya kama shi har gwiwa. Irin ya ɗan tsufa, wasu sai da ya binne su da zurfi don su tsaya, amma za su kama.

Yana cikin dashe Maikuɗi ya tsaya da babur a kan hanya.

"Tica, sannu da aiki. Buhunana na nan a zaure, na rufe su da tamfol. Yaushe mutanen naka za su zo?"

"Ba sa zuwa, Maikuɗi. Na gaya maka."

Maikuɗi ya kashe masa ido ɗaya. "Na gane, na gane. Ba zan faɗa wa kowa ba."

Malam ya buɗe baki zai yi bayani, har ya fara neman ɗan karan da zai yi zane da shi. Sai ya ga ko'ina ruwa ne, ba busasshiyar ƙasar da zai zana komai. Ya sunkuya ya ɗauki wani irin ya dasa.