Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Tun daga tashar Gwarzo Muhammad Nur yake danna wayarsa yana neman goge saƙon, wayar kuma ta ce lokaci ya wuce. Mutum tamanin da uku sun riga sun saurara.

"Ka bar wayar nan ta huta," in ji Zinnira, shugabar ajinsu, daga kujerar baya. "In mun je ka yi gaisuwa ka ja bakinka. Za ka iya?"

Saƙon murya ne, daƙiƙa goma sha ɗaya, ya tura shi shekaranjiya a guruf ɗin 'yan ajinsu na kwaleji. Don jadawalin lacca aka buɗe guruf ɗin, amma tun da zaɓe ya matso ba wanda ya sake ganin jadawali. Ran nan musu ake a kan wata kwalbati, wai jam'iyyar wa ta gina ta. Kwalbatin ma tun bara ruwa ya tafi da ita. Badamasi, abokin ɗakinsa shekara biyu, wanda suke cin garau-garau a kwano ɗaya, ya kira shi ɗan maula. Muhammad Nur ya saki baki ya zage shi tas, ya haɗa da uban da ya haife shi. 'Yan ɓangarensa suka yi ta jinjina masa, shi kuwa ya wuni yana jin kansa.

Jiya da asuba uban ya rasu.

Malam Uwaisu, mahaifin Badamasi, ba baƙo ba ne a wurin Muhammad Nur. Duk ƙarshen hutu sai ya aiko da ƙullin gyaɗa biyu, ɗaya na ɗansa, ɗaya na "yaron Gwarzo". Kuma a ranar musun Badamasi yana gida yana jinyarsa. Ga shi ba ya sa abin kunne, kowane saƙo a fili yake kunna shi. Abin da ke cin Muhammad Nur ke nan: shin tsohon ya ji?

A Kabo suka hau babur zuwa Gammo. Zinnira ta shige wurin mata. Maza suna kan tabarmi a gindin darbejiya, Badamasi a gefe, idanunsa sun yi ja. Muhammad Nur ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta."

"Amin. Ya hanya?"

Shi ke nan. Aka matsa masa ya zauna, aka miƙo masa ruwa. Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Sai da jama'a suka ɗan ragu ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Badamasi, saƙon nan... a ina ka kunna shi?"

"A ɗakinsa. Ina ba shi kunu."

"Ya ji?"



"Ka san kunnensa ya yi nauyi. Maganar ba ta kai masa ba, amma ya gane muryarka. Ya ce, 'Wannan ba yaron Gwarzo ba ne? Me yake cewa?'"

"Ka ce masa me?"

"Na ce gaishe shi kake yi, kana masa ya jiki."

Muhammad Nur ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ya buɗe baki zai yi magana, Badamasi ya riga shi.

"Ya ba ni saƙo kuma, gara in sauke. Ya ce in gaya maka yana amsawa. Ya ce Allah ya yi maka albarka, da ka tuna da shi."

Wasu masu gaisuwa suka yi sallama, Badamasi ya juya gare su. Liman ya ce a yi wa mamaci addu'a. Muhammad Nur ya ɗaga hannuwansa tare da kowa, wayar tana ta ɓari a aljihunsa. A guruf an koma kan kwalbati.