Jirgin Malami a Bayan Gida

Shekarar ɗiban gwamna, dogarai suka zo mashayar Turba suka tsince ni cikin waɗanda za a kai Jos haƙar kuza. Ni Malami, da ban san aikin komi ba sai fito! A garinmu in an ce "jirgi", nawa ake nufi, na icen maɗaci, gadon babana. Mutum ya tsaya hayin gulbi ya ƙwala "Jirgi!", to ni ake kira, ko tuwo nake ci sai in aje.

Kaka ce, ruwa ya fara janyewa. Da rani turbuɗe jirgi muke yi cikin danshin rairayi, don rana tsaga shi take. Ban samu yi ba. Ana jan hannuna na ce ma matata Saude, "Ke, za ni. Ki kula da jirgin ga."

Ta kula, wallahi ta kula. Ɗiyar manoma ce daga Unguwar Lalle, inda duk abin da ake so ɗaga shi ake daga ƙasa. Ta tara 'yan'uwanta suka jawo shi har bayan gida, suka aza bisa duwatsu kamar rumbu, kada gara ko danshi su taɓa shi. Kullum sai ta share shi.

Na komo gab da damina, ƙafa duk faso, ga tari. Ko ruwa ban sha ba ta ja ni bayan gida tana murmushi.

"Maigida, duba. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba."

Na duba. Tsaga tun daga goshi har gindi, yatsana na shiga. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ina ƙarfin faɗa? Jos ta cinye shi. Na ce, "Sannu da aiki."

Na cusa tsumma, na liƙe da ƙaro. Ranar da gulbi ya kawo, fataken Maraɗi suka taru hayi da kayansu suna ta "Jirgi! Jirgi!" Ni da Saude muka tura shi, na hau. Ban yi nisa ba ruwa ya rufe mini idon sawu, na juyo.

Saude ta faɗa ciki da ƙwarya tana kwalfewa, ruwan na komowa. Can ta tsaya, ta dubi tsagar, ta dube ni.

"Ni na yi?"

Daga hayi aka sake kira.